Tallafin Nakasassu a Legas: Doka Na Nan, Alawus Babu

A 2025 gwamnatin Birtaniya ta yi yunƙurin zaftare kusan fam biliyan 5 daga kuɗin tallafin nakasassu da marasa lafiya. 'Yan majalisa fiye da 120 na jam'iyya mai mulki suka ce ba su yarda ba, dole ta janye babban ɓangaren shirin. Su rigimarsu a kan ragi ce. Makahon da ke gindin gadar Abule Egba a Legas kuwa, ko gurgun da ke bakin layin dogo a Agege, ba shi da wani alawus na wata-wata, balle a rage masa.

Ba doka muka rasa ba. Legas na da tata tun 2011, wadda ta kafa LASODA, hukumar kula da nakasassu, kuma a 2016 Gwamna Ambode ya ware naira miliyan 500 domin asusun nakasassu. A Janairun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar tarayya da ta hana nuna musu wariya, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na ayyukan gwamnati, ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika a 2024, kuma wanda yake da ido ya san matakalan suna nan daram.

Abin da mutanenmu Hausawan Legas suka fi sani shi ne kame. Legas ta haramta bara, ana kwashe mabarata a kai su cibiyar Majidun da ke Ikorodu. Ni ma ba na son bara, amma hana mutum miƙa hannu alhali ba a sa masa komai a ciki ba, zalunci ne, musamman bayan cire tallafin mai a 2023. Tsohon gwamnan Jigawa Sule Lamido ya gane haka: tun 2007 Jigawa ta fara biyan nakasassu naira 7,000 duk wata. Kuɗin bai kai ga kowa da kowa ba, amma ya nuna abin mai yiwuwa ne.

Da sauran gyara a ɓangarenmu. Wanda ba ya cikin rajista, ba ya cikin rabo. Sarakunan Hausawa, sarakunan makafi da na guragu, da limaman Agege, ku taimaki mutanenku su yanki katin zama na LASRRA, su yi rajista da LASODA, sannan a taru a nemi alawus da murya ɗaya.