Baƙin ramin da ya farka a saman Ajingi a 2018

A watan Maris na 2018, duk wanda ya fito sallar asuba a Ajingi ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya fuskanci wani abu da masana taurari na duniya suka hana idonsu barci a kansa. Bai gan shi ba, domin mafi yawan hasken da abin yake fesowa eksire ne, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Iskar da ta lulluɓe duniya kuwa tana shanye wannan haske tun yana can sama, shi ya sa ba a farautarsa sai da na'urorin da aka harba samaniya.

Ranar 11 ga watan, wata na'urar Japan mai suna MAXI ta hango shi. Tun 2009 take manne a jikin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, kimanin kilomita 400 daga ƙasa, kuma duk zagaye ɗaya na kusan minti 90 sai ta share yawancin sama da kallo. A inda jiya babu komai, yau ga haske yana ta ƙaruwa. Aka raɗa masa suna MAXI J1820+070. Lambobin nan adireshinsa ne a taswirar sama, kuma 070 na nufin digiri 7 arewa da tsakiyarta. Ajingi tana wajen digiri 12, ke nan abin kusan ta tsakiyar kanmu yake ratsawa kullum.

Hangowa ita ce mai sauƙi. MAXI mai gadi ce, ihu kawai take yi, ba ta iya nuna wurin daidai wa daida. Sai aka aika gajeren saƙo ta Astronomer's Telegram, inda masana ke shelar irin wannan, kowa ya juya madubinsa. Nan aka gane ashe kwana 5 kafin nan wasu ƙananan madubai na shirin ASAS-SN sun ga wani tauraro ya ƙara haske a wurin. Tauraron ɗan'adam Swift ya tantance wurin, na'urar NICER da ke kan tashar ta shiga ƙirga ƙyaftawar hasken. Gaggawar tana da dalili: irin wannan haske yakan sauya hali cikin kwanaki, abin da ya wuce ba a auna ba kuwa ya wuce ke nan.

Abin da binciken ya nuna shi ne baƙin rami, gawar wani ƙaton tauraro da ya durƙushe cikin kansa, mai nauyin rana kusan sau 8, a nisan da haske ke shafe shekara kusan 10,000 kafin ya iso mu. Wani ƙaramin tauraro yana kewaya shi cikin awa 16 da rabi, ramin yana zuƙar iskar jikinsa. Iskar ba ta faɗawa kai tsaye. Taruwa take yi a wani faifai mai juyawa, shiru, shekara da shekaru, kamar ruwa a bayan madatsa. Ranar da ta yi yawa ta ɗau zafi, sai ta ɓalle ta kwarara ciki, gogayya ta kai zafinta miliyoyin digiri, eksire ya tashi. Da aka koma tsofaffin hotunan sama da ke ajiye a Jami'ar Harvard, sai ga shi ya taɓa yin haka a 1898 da 1934, lokacin babu mai na'urar ganin eksire a sama.

A watan Yuli ya canza hali, ya watso wasu dunƙulen iska ta gefe biyu da gudun da ya haura kashi 80 cikin 100 na gudun haske. Cikin waɗanda suka bi sawun dunƙulen har da MeerKAT, faya-fayan rediyo 64 da ke Afirka ta Kudu. Ba yau Afirka ta shiga wannan fage ba. Uhuru, tauraron ɗan'adam na farko da aka keɓe wa eksire, daga gaɓar tekun Kenya aka harba shi ranar 12 ga Disamba 1970. Daga can kuma Ariel 5 ya tashi a 1974, shi ne ya gano A0620-00 a 1975, wanda daga baya aka tabbatar baƙin rami ne. Kano ma ta taɓa karɓar tashar Amurka ta bin sawun kumbo, wadda ta yi aiki lokacin da ɗan sama jannati John Glenn ya zagaya duniya a 1962.

A ganina, a bin sawun nan ne muke da wurin tsayawa. Harba tauraro sai gwamnati mai kuɗi, amma MAXI J1820+070 ya yi hasken da masu sha'awa a Turai da Amurka suka riƙa auna shi da madubin bayan gida, suna tura sakamako ga ƙungiyar masu lura da taurari ta AAVSO, masana kuma suna amfani da shi. Gari na wayewa a wani wuri, ana buƙatar wanda dare bai ƙare masa ba ya karɓa. Ƙauyukan Ajingi da Gaya suna da duhun daren da biranen Turai suka rasa, duk da dalilin duhun ba abin alfahari ba ne. Matsalar a fili take: hazon hunturu yana dusashe sama, gizagizan damina suna rufe ta, kuma a Yuni da Yuli, lokacin da wannan yanki na sama yake tsaka da kai da tsakar dare, manomi ruwa yake roƙo. Duk da haka akwai darare garau bayan an ɗauke ruwa, ga jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, tafiyar da ba ta da nisa, da ɗaliban fiziks da za su iya riƙe madubi da kyamara da kwamfuta.

Shelar irin wannan haske kuma ƙaruwa take yi. Ranar 9 ga Janairu 2024 Sin ta harba Einstein Probe, mai madubin da aka kwaikwayo daga ƙirar idon wani ƙwaron teku, wanda ke kallon faffadan yanki na sama a lokaci guda, yana kama hasken da wani lokaci minti kaɗan yake yi ya mutu. Kowane ɗaya sai an samu wanda zai juya madubi daga ƙasa kafin ya dushe.