Test, experiment da trial: Gwaji iri-iri ne

Idan likita ya ce wa mara lafiya za a yi masa gwaji, yana iya nufin za a ɗebi jininsa domin gano abin da ke damunsa. Yana kuma iya nufin za a jarraba wani sabon magani ne a jikinsa, a ga ko yana aiki.

A Turanci kowanne da sunansa, amma a Hausa sau da yawa kalmar gwaji ce ke ɗaukar nauyinsu duka.

Kalmar "test" ta samo asali ne daga harshen Latin, inda "testum" ke nufin kaskon yumɓu, irin wanda ake narka zinariya ko azurfa a ciki domin tantance ingancinsu. Har yanzu ma'anar ba ta yi nisa da nan ba: a auna abu da ma'aunin da aka riga aka sani, kamar awon jini ko 'yar jarrabawar aji.

Sakamakonsa ma yakan rikita mutane. A zancen yau da kullum "positive" na nufin abu mai kyau, amma a takardar asibiti yana nufin an ga abin da ake nema, ko da kuwa cuta ce.

Shi kuwa "experiment" ana yin sa ne a lokacin da ba a san amsar ba tukuna.

Fuska biyu

Kalmar da ta fi bukatar lura ita ce "trial", domin tana nufin shari'a a gaban kotu, tana kuma nufin gwajin magani a jikin bil'adama.

Misalin da aka fi kawowa shi ne na 1747, lokacin da wani likitan sojan ruwan Birtaniya, James Lind, ya kasa ma'aikatan jirgi 12 masu ciwon da rashin bitamin C ke haddasawa zuwa gida shida, ya bai wa kowane gida magani daban. Waɗanda suka sha lemu da lemun tsami ne suka fi saurin murmurewa.

Kwatantawa ita ce ƙashin bayan irin wannan gwaji. Rukunin da ake kwatantawa da shi ana kiransa "control", kuma akan ba su tsohon maganin da aka sani, ko kuma "placebo", wato ƙwaya mai kama da magani amma babu sinadarin magani a cikinta.

Ke nan wanda ya shiga "trial" ba jinya kawai ake yi masa ba, bincike ake yi da shi. Wannan ne ya sa ƙa'ida ta tanadi "informed consent", wato amincewar da mutum ya bayar bayan an fahimtar da shi haɗarin da ke ciki da kuma 'yancinsa na ƙin shiga. Sa hannu ko dangwala yatsa kawai bai wadatar ba.

Abin da ya faru a Kano

A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta hallaka dubban mutane a arewacin Najeriya, kamfanin Pfizer na Amurka ya yi gwajin maganin Trovan a asibitin masu cututtuka masu yaɗuwa da ke Kano.

Yara kimanin 200 ne suka shiga, inda aka bai wa kusan rabinsu Trovan, sauran kuma wani magani da aka riga aka sani. Yara 11 sun rasu, wasu kuma suka nakasa.

Iyayen sun ce ba a shaida musu cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta, yana mai cewa an yi musu bayani da Hausa kuma sun amince da baki, sannan cutar ce ta yi kisan, ba maganin ba.

Daga nan sai fuska ta biyu ta kalmar ta bayyana. Gwamnatin jihar Kano ta kai ƙara kotu a 2007, aka kuma sasanta a 2009 kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyyar dala 175,000 kowannensu, bayan an yi musu gwajin ƙwayoyin halitta na DNA domin tabbatar da dangantakarsu da yaran.