Motarka Na Mutuwa Da Ka Ɗaga Ƙafa Daga Totur? Ga Yadda Ake Gyaran Silo A Injin Kafireta

Yau mun ɗan ajiye zancen waya da data, za mu leƙa ƙarƙashin bonet, amma kada ka ajiye wayarka, domin akwai aikin da za ta yi mana.

Duk wanda ya san hanyoyin ƙauyukan Ƙaraye da Rogo ya san abin da ya sa har yanzu tsofaffin motoci masu fowil ba su yi ritaya ba. Da damina laka, da rani yashi da ƙura. Masu noman rani a kewayen madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992 a ƙaramar hukumar Ƙaraye, da masu ɗauko masara da rake daga ƙauyukan Rogo da ke iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, duk suna buƙatar motar da za ta shiga gona ta fito. Da yawa daga irin waɗannan motoci masu kafireta ne, kamar Toyota Hilux mai injin 22R ko 4Y, da Land Cruiser mai injin 3F, da Nissan Patrol mai injin TB42. Kuma sau da yawa matashin gida ne ke tuƙa ta.

Matsalar da ta fi addabar irin waɗannan motoci ita ce rashin silo. Kana tafiya lafiya lau, da ka taka kuloci ka ɗaga ƙafa daga totur sai injin ya yi kakari ya mutu.

Me ya sa bai kamata a yi wasa da ita ba?

Yawancin waɗannan motoci suna da wata tukunya a bayan fedar birki wadda ke aro ƙarfin zuƙar injin don sauƙaƙa maka taka birki. Idan injin ya mutu, taku ɗaya ko biyu kawai ya rage, daga nan feda ta yi tauri kamar dutse. Idan motar na da fawa a sitiyari, shi ma nan take zai yi nauyi. Ka ƙaddara hakan ta faru kana gangarawa kwari da buhuna cike a baya.

Sai kuma maganar aljihu. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace lita ta zama abin lissafi. Direban da ke danna totur a tsaye don kada mota ta mutu, kuɗinsa yake ƙonawa.

Na'urar duba mota ta waya ba za ta yi aiki a nan ba

Wasu sun ga ƙaramar na'urar ELM327 da ake maƙalawa a mota, a haɗa ta da waya ta Bluetooth, a buɗe manhaja irin Torque ta nuna matsalar. Wannan na aiki ne a motoci masu ƙwaƙwalwar kwamfuta da kafar OBD2, tsarin da ya zama dole a Amurka daga 1996. Tsofaffin motocin kafireta ba su da wannan kafa, saboda haka kada ka ɓata kuɗinka. Ga inda wayarka za ta yi amfani:

- Ɗauki hoton duk tiyo da wayoyin da ke jikin kafireta daga ɓangarori uku kafin ka cire komai.
- Ɗauki bidiyon injin lokacin da yake mutuwa, da sautinsa, don ka nuna wa bakanike ko ka tura masa ta WhatsApp.
- Yi amfani da fitilar waya wajen leƙa lunguna. Kada ka kusanto da ashana ko laita.
- Nemi littafin gyaran injinka a intanet da lambar injin, ka sauke shi tun kana inda akwai sabis.

Yadda silo yake aiki

Aikin kafireta shi ne gauraya iska da fetur, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur idan aka auna da nauyi. A cikinta akwai maƙogwaro mai ƙunci a tsakiya. Idan iska ta ratsa wurin da gudu sai ta zuƙo fetur daga babban jet. A ƙasan maƙogwaron akwai wani faifai da ke buɗewa idan ka taka totur.

Da ka ɗaga ƙafa, faifan nan yana kusan rufewa, iskar da ke wucewa ta yi kaɗan, ba za ta iya zuƙo mai daga babban jet ba. Shi ya sa aka yi wa kafireta wata 'yar hanya ta daban: fetur ya bi ta ƙaramin jet, wanda makanikai ke kira silo jet, ya fito ta wata 'yar huda a ƙarƙashin faifan, inda zuƙar injin take da ƙarfi. Wannan siririyar hanya ita kaɗai ke riƙe da injin idan mota na tsaye. Shi ya sa za ka ga mota tana gudu lafiya a kan titi amma ta mutu a tsaye: babbar hanya a buɗe take, ƙaramar ce ta samu matsala.

Rashin silo kusan kullum ɗaya ne daga abu huɗu: mai ya yi kaɗan, iska ta yi yawa, mai ya yi yawa, ko wuta ta yi rauni.

Fara da lura da alamomi

- Idan sai ka ja cok take tsayawa, mai ne ya yi kaɗan ko iska na shiga ta inda bai dace ba.
- Idan salansa na fitar da baƙin hayaƙi, ga warin fetur, fulogi sun yi baƙi, mai ne ya yi yawa.
- Idan da sanyin safiya kawai take mutuwa, duba cok.
- Idan silo na canzawa duk lokacin da ka taka birki a tsaye, har kana jin huci, duba tukunyar birki da tiyonta.
- Idan bayan ka ratsa rafi matsalar ta fara, ruwa ne a dilko ko a tanki.
- Idan a hawa ko gangara mai tsanani kawai take mutuwa, duba tsayin mai a kwanon kafireta.

Mataki na 1: Abubuwa masu araha

Cire iyakilina ka duba. Ƙurar hunturu da ta hanyar burji tana toshe shi, injin ya shaƙe. Sannan duba filtar mai. Tsiyaye abin da ke cikinta a kwalba mai haske. Idan ka ga wani abu ya kwanta a ƙasa daban, ruwa ne, domin ruwa ya fi fetur nauyi. Mai sayen mai a galan wurin 'yan bumburutu ya fi kowa haɗuwa da wannan, don haka ka riƙa tacewa da ƙyalle mai tsabta. Ko man gidan mai ma yakan zo da matsala, kamar yadda aka gani a Fabrairun 2022 lokacin da kamfanin NNPC ya tabbatar an shigo da fetur mai haɗe da sinadarin metanol, wanda ke cin robobin cikin kafireta da famfon mai.

Mataki na 2: Wuta kafin mai

Kafireta ta sha ɗaukar laifin da ba nata ba. Cire fulogi ka duba. A yawancin tsofaffin injinan Toyota tazarar bakin fulogi milimita 0.8 ce, ta kwantak kuma 0.45, amma ka tabbatar a littafin injinka. Buɗe murfin dilko ka ga ko akwai tsaga ko danshi. Idan taimin ya goce, duk yadda ka juya kafireta silo ba zai zauna ba, don haka a saita shi da fitilar taimin tukuna.

Mataki na 3: Ɓarauniyar iska

Zafin rana yana busar da tiyon roba har su tsage. Duk iskar da ta shiga ta tsaga ba ta biyo ta kafireta ba, wato ta shiga ba tare da rabonta na fetur ba. Idan kana gudu ba za ka ji ba, amma a silo 'yar wannan iska ta isa ta kashe injin.

Ta da motar, wani ya riƙe maka totur kaɗan. Matse kowane tiyo da filaya ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka matse sautin injin ya gyaru, a layinsa matsalar take. Sannan ka fesa ruwa kaɗan a gindin kafireta da inda manifol ya haɗu da injin. Idan sauti ya canza, gasket ya mutu ko noti ya kwance. Wasu suna yin wannan gwaji da fetur, kada ka yi, gobara ce. Ka kuma kula da fanka da bel, kada hannun riga ya kusance su.

Haka nan ka girgiza sandar da faifan totur ke juyawa a kanta. Idan tana wasa sosai, raminta ya cinye, iska na shiga ta nan. Wannan aikin bakanike ne.

Mataki na 4: Ƙaramin makunnin da ake mantawa

Kafireta ƙirar Aisan da ke kan yawancin tsofaffin Toyota tana da wani ɗan makunni mai waya a jikinta, wanda ake kira solonoyid. Aikinsa rufe hanyar silo idan ka kashe mota. Idan ya mutu, ko wayarsa ta tsinke, ko fiyus ya ƙone, hanyar za ta zauna a rufe, mota ba za ta taɓa yin silo ba. Gwajinsa ba ya cin ko sisi: juya makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa ba tare da ka ta da injin ba, ka zare wayarsa ka mayar. Ya kamata ka ji ƙas. Idan shiru, duba fiyus da wayar kafin ka sayi sabo.

Mataki na 5: Tsayin mai da wankin jet

Wasu kafiretocin suna da ɗan gilashi a gefe mai alama a tsakiya. Idan mota na kan shimfiɗaɗɗen wuri, mai ya tsaya daidai alamar. Idan ya haura, allurar da ke tsayar da mai ba ta rufewa ko fulot ya huje. Idan ya yi ƙasa, duba famfon mai da filta.

Idan duk waɗannan lafiya, sai a ciro silo jet. Ka ɗaga shi ga haske, ya kamata ka hango huda zagayayya. Wanke shi da maganin feshin kafireta, sannan a hura masa iska da injin mai faci. Kada ka zura allura ko waya, domin jet na tagulla ne mai laushi, da hudar ta faɗaɗa motar ta zama mashayiyar mai har sai an canza shi. Kada kuma a hura iska mai ƙarfi cikin kafireta tana haɗe, tana iya murƙushe fulot.

Mataki na 6: Saita silo

Wannan ne na ƙarshe, ko da yake mutane da shi suke farawa. Akwai sukuru biyu. Ɗaya yana tokare totur, shi ke ƙara ko rage gudun injin. Ɗayan yana gindin kafireta, shi ke daidaita yawan man silo.

1. Bari injin ya yi zafi sosai, cok a buɗe, iyakilina a ɗaure, fitilu da iyakwandishan a kashe, giya a firi, birkin hannu a ja.
2. Kashe injin. Ɗaure sukurun mai a hankali kana ƙirga juyi har ya taɓa ƙarshe, ka rubuta adadin a wayarka. Kada ka matse, bakinsa zai lalace.
3. Kwance shi kamar juyi biyu, ka ta da mota.
4. Riƙa juya shi kwata-kwata, kana jira 'yan daƙiƙu, har ka sami inda injin ya fi sauri da santsi.
5. Koma kan sukurun totur ka sauke gudun zuwa adadin da aka rubuta a takardar da ke manne ƙarƙashin bonet ko a littafi. Yawanci tsakanin juyi 650 ne zuwa 850 a minti.
6. Maimaita na 4 da na 5 sau ɗaya, sannan ka kunna fitilu, ka juya sitiyari, ka taka birki, ka ga ko za ta riƙe.

Idan ka juya sukurun mai injin bai canza sauti ba ko kaɗan, hanyar silo a toshe take har yanzu, ko kuma an ɗaga totur ya wuce kima. Ɗaga silo sama don ɓoye matsala yana shan mai, yana sa giya ƙara wajen shiga, wani lokaci ma ka kashe makulli injin ya ci gaba da kakari.

Yaushe za ka tafi wurin bakanike?

Idan ka bi matakan nan silo bai zauna ba, saura bawul da ƙarfin matsin injin, waɗanda ke buƙatar ma'auni da gwani. Haka idan tukunyar birki ce ta huje, kada ka ɗora kaya sai an gyara. In za a sayo kayan gyara a Kano, misali a kasuwar Ƙofar Ruwa, tafi da tsohon a hannu tare da hoton lambar injin da ta kafireta, domin jet ɗin da suka yi kama a ido suna iya bambanta a girman huda.

Wannan bayani ya shafi babur da janareta ma, don su ma da silo jet suke aiki. Ka tura wa ɗan'uwan da ke tuƙa motar gida kafin damina ta kankama. Allah Ya tsare hanya.