Kumfa a Bakin Kare: Yaushe Ne Take Zama Abin Tsoro?

A ƙauyukan Makarfi da Ikara da Kudan, kare ma'aikaci ne. Shi ne mai gadin gonar rake da dare, shi ne abokin tafiyar mafarauta da rani, shi ne kuma mai tsaron garke a ruga. Amma da zarar an ga farar kumfa a bakinsa, sai yara su ɗauki ihun mahaukacin kare, manya kuma su fito da sanduna. Sau da yawa akan kashe karen da ba abin da ke damunsa illa yunwa. Wani lokaci kuwa mai kare yakan raina abin, har ya zura hannu cikin bakin dabbar da ke ɗauke da cutar da ba ta da magani. Ita kumfa alama ce kawai, saboda haka abin da ya kamata a koya shi ne gane inda ta fito: daga ciki ta taso, ko kuwa miyau ne ya taru a baki?

Yadda kumfar ke samuwa

Duk wanda ya taɓa ganin ana burga nono da maburgi ya san cewa idan iska ta shiga ruwa mai kauri sai ya yi kumfa. Haka abin yake a cikin kare. Ko babu abinci, tumbinsa yana ɗauke da ruwan tsami mai narkar da abinci da kuma wani yauƙi mai kāre bangon tumbin. Idan ya yi yunƙurin amai, waɗannan ruwaye sukan cakuɗe da miyau da iska, su fito fari fat. Idan kumfar rawaya ce, to ruwan maɗaciya ne ya koma tumbi daga hanji, kuma an fi ganin haka da sassafe ga karen da ya kwana da yunwa. Tsutsar ciki da cin ciyawa ko ruɓaɓɓen abinci a bola su ma suna jawo irin wannan amai. Muddin sau ɗaya ne, karen kuma ya tashi garau yana kaɗa wutsiya, yawanci babu damuwa.

Alamun da ba a jinkiri da su

Na farko shi ne guba. A wannan yanki na noman tumatir da barkono ana yawan amfani da maganin feshi, wasu kuma har wanke kare suke yi da shi don kashe kaska. Irin wannan magani yakan sa dalalar miyau da amai da zawo da karkarwa, ƙwayar ido kuma ta tsuke. Da damina, karen da ya ciji kwaɗo shi ma bakinsa yakan cika da kumfa nan take, saboda dafin da ke fatar kwaɗon.

Na biyu, cutar da likitocin dabbobi ke kira fabo, wadda ta bazu a duniya a shekarar 1978. Ta fi kama ƙwiyakwiyi, tana zuwa da amai ba ƙaƙƙautawa da zawon jini mai ɗoyi, kuma takan kashe cikin 'yan kwanaki.

Na uku, murɗewar tumbi, wadda ta fi samun manyan karnuka. Ciki yakan kumbura kamar ganga, karen na ta kakari amma kumfa kaɗai ke fita. Wannan sai tiyata cikin gaggawa.

Bambancin amai da haukan kare

Karen da ke amai cikinsa yakan motsa, ya sunkuya, ya zubar, sa'annan ya huta. Shi kuwa mai ciwon hauka ba amai yake yi ba. Ƙwayar bairas ce ta bi jijiyoyi ta kai ƙwaƙwalwa, ta shanye maƙogwaro, har ya kasa haɗiye miyansa. Halinsa yakan sauya, haushinsa ya dushe, ya riƙa cizon itace da dutse. Akwai kuma wanda ba ya faɗa, sai dai haɓarsa ta saki kamar wanda ƙashi ya maƙale wa a wuya. A nan ne masu tausayi ke faɗawa haɗari, domin ƙwayar cutar tana cikin miyau, kuma ɗan ƙwarzane a yatsa ya isa ta shiga.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana hallaka kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga kare ake ɗaukarta, kuma wajen kashi 40 cikin 100 na mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana ga mutum, da wuya ya tashi. Sai dai tun 1885, lokacin da Louis Pasteur na Faransa ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 da allura, aka tabbatar cewa ana iya tare cutar bayan cizo idan an hanzarta.

Abin da ya kamata a yi

Idan amai ne sau ɗaya ga babban kare, a hutar da cikinsa daga abinci na wajen sa'a 12, a riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Ba a yi wa ɗan kwikwiyo haka, domin shi ba ya jure yunwa. Kada a ɗura wa kare manja ko madara, gudun kada su sarƙe shi, kada kuma a ba shi maganin mutane irin su farasitamol. Idan aman ya maimaitu, ko an ga jini, ko karkarwa, ko kumburin ciki, a nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, ko a nufi Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, a tafi da kwalbar maganin da ake zargi.

Idan kuwa dalala ce tare da sauyin hali, a killace karen ba tare da taɓa bakinsa ba, a janye yara, a sanar da jami'an dabbobi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar domin fara allura. Karen da ya yi cizo akan sa masa ido na kwana 10, amma ba a jiran cikar kwanakin kafin a fara jinyar mutum.

Daga ƙarshe, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa allurar rigakafin haukan kare. Ana fara yi wa kwikwiyo tun yana ɗan wata 3, a riƙa sabuntawa kowace shekara. Masana sun nuna cewa idan an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari, yaɗuwar cutar takan yanke. Ɗalibin da ya kai wannan bayani gida, ko malamin da ya karantar da shi a ranar 28 ga Satumba, watau Ranar Yaƙi da Haukan Kare ta Duniya, ya taimaka wajen ceton rai.