Yadda Aka Gano Sirrin Asfirin

Tun shekarar 1899 kamfanin Bayer na ƙasar Jamus ya fara sayar da asfirin, amma sai da aka yi shekara 72 ana sha kafin masana su san yadda yake kashe ciwo.

A cikin 1971 ne wani masani, John Vane, ya warware zancen a birnin Landan. Ya niƙa huhun ɓeran masar, ya zuba masa wani irin maiƙo da ake kira arakidonik. Wani sinadari da ke cikin huhun, watau enzayim, yakan sarrafa maiƙon nan ya zama furostagalandin, wanda shi ne ke kawo zafi, kumburi da zazzaɓi. Da aka sa asfirin a ciki, sai sarrafawar ta ragu ƙwarai. Wannan aiki ya jawo masa lambar Nobel a 1982, tare da masana biyu na ƙasar Suwidin.

To, amma fa furostagalandin ɗin ne kuma ke tsare fatar ciki. Saboda haka leburori da 'yan dako masu shan ƙwayar kullum don ciwon jiki su yi hattara da gyambon ciki. Mai gyambon kuwa ya nemi shawarar likita tukuna.