Yadda Ƙwaƙwalwar Ɗan'adam Ke Fahimtar Magana

A harshen Hausa, kalmar "ji" tana ɗauke da ma'anoni biyu waɗanda ba kasafai ake rarrabe su ba. Idan aka ce wane ya ji tsawa, ana nufin ƙara ta shiga kunnensa. Idan kuwa aka ce wane yana jin Fillanci, ana nufin yana gane abin da masu harshen ke faɗa. Bahaushen da bai taɓa koyon Sinanci ba, in ya murɗa rediyo ya tarar ana magana da harshen, babu sautin da zai wuce kunnensa, amma ba zai tsinci komai ba. Tsakanin waɗannan ji biyu akwai gagarumin aiki da ƙwaƙwalwa ke yi cikin ƙasa da sakan guda, ba tare da mai ita ya sani ba. Wannan maƙala za ta bi sawun aikin tun daga bakin kunne har inda ma'ana ke fitowa, sannan ta nuna amfanin saninsa ga ɗalibi da malami da mai jinya.

Daga Iska Zuwa Jijiya

Magana tana barin bakin mai ita ne a matsayin kaɗawar iska. Wannan kaɗawa takan shiga ramin kunne ta bugi wata siririyar fata da ake kira dodon kunne, ita ma ta kama rawa kamar fatar kalangu. A bayan fatar akwai ƙananan ƙasusuwa uku waɗanda aka raɗa wa suna saboda kamanninsu, wato guduma da maƙera da likkafa. Su ne ke ƙara wa rawar ƙarfi, su miƙa ta ga wani sashe na can cikin kunne mai siffar katantanwa, wanda ke cike da ruwa.

A cikin katantanwar akwai ƙwayoyin halitta kimanin 15,000 masu ɗan gashi a kansu. Idan ruwan ya motsa, gashin yakan tanƙwara, sai a sami saƙon lantarki wanda jijiyar ji mai zaruruwa wajen 30,000 ke ɗauka zuwa ƙwaƙwalwa. Wani masani ɗan ƙasar Hangari, Georg von Békésy, ya nuna cewa kowane wuri a katantanwar yana da irin sautin da ya fi motsa shi: siririn sauti a kusa da bakinta, kakkaura kuma a can ƙuryarta. Wannan bincike ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1961. Ke nan kunne yakan tankaɗe sauti kafin ya aika da shi, sai dai bai san bambancin muryar mutum da kukan akuya ba ta fuskar ma'ana. Iyakacin aikinsa ke nan.

Sassan Ƙwaƙwalwa Masu Kula da Harshe

Ƙwaƙwalwa ta kasu ɓari biyu, na dama da na hagu. Kowane kunne yana aika saƙo zuwa ɓarin biyu, amma mafi yawansa yakan tsallaka zuwa ɓarin da ke ɗaya gefen. Masana sun fara gane inda harshe yake zaune ne ta hanyar lura da marasa lafiya.

A shekarar 1861 wani likita Bafaranshe, Paul Broca, ya duba wani majinyaci a wani asibiti da ke kusa da birnin Faris. Mutumin ya shafe shekaru ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya tak, wato "tan", alhali yana gane yawancin abin da ake gaya masa. Da ya rasu aka bincika ƙwaƙwalwarsa, sai aka tarar da lahani a gaban ɓarin hagu. Bayan shekara 13, wato a 1874, wani likita Bajamushe mai suna Carl Wernicke, yana ɗan shekara 26, ya bayyana wata larura da ta zama kishiyar waccan. Majinyatansa suna zuba magana ba tangarɗa, amma maganar ba kai ba gindi, kuma ba sa gane abin da ake faɗa musu ko da yake kunnuwansu lafiya lau suke. Lahaninsu yana ɓarin hagu ne shi ma, amma a baya, daura da saman kunne. Har yau ana kiran waɗannan wurare biyu da sunayen likitocin.

Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa a cikin masu amfani da hannun dama, kusan 95 cikin 100 harshensu ya fi dogara ga ɓarin hagu, haka kuma mafi yawan bahagwai. Na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa kuma sun nuna cewa aikin ya zarce wurare biyun nan. A 2007, Gregory Hickok da David Poeppel suka bayyana shi da hanyoyi biyu: ɗaya ta bi ta ƙasa tana haɗa sauti da ma'ana, ɗaya ta bi ta sama tana haɗa sauti da motsin baki. Ta biyun ce ke sa mutum ya iya maimaita baƙuwar kalma ko da bai san ma'anarta ba.

Tsintar Sauti da Karin Sauti

Aiki na farko da ke gaban ƙwaƙwalwa shi ne tantance ƙwayoyin sauti. A 2014, Nima Mesgarani da Edward Chang da abokan aikinsu a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko sun yi nazari a kan masu farfaɗiya shida waɗanda aka ɗora wa ƙananan wayoyi a kan ƙwaƙwalwa domin shirin tiyata. Da aka sa musu jimloli suna saurare, sai aka ga wasu wurare na amsa baƙaƙen da ke fashewa kamar "b" da "d", wasu na amsa masu zuzar iska kamar "s", wasu kuma na amsa 'yan hanci kamar "m" da "n". Ashe ƙwaƙwalwa tana kasa sautuka ne bisa yadda baki ke yin su.

Kowane harshe yana da bambance-bambancen da ya ɗauka da muhimmanci. Bahaushe ba ya rikita "kafa" da "ƙafa", ko "bari" da "ɓari", ko "daka" da "ɗaka", amma baƙon harshen yakan daɗe yana jin su ɗaya. Haka kuma tsawon wasali ne ya raba garin da ake zama a cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi. Karin sauti, wato hawa da saukar murya, shi ya raba kukan yaro da kukar miya, ya raba wuyan jiki da wuyar aiki. Rubutun yau da kullum ba ya nuna waɗannan, amma ƙwaƙwalwar mai sauraro ba ta sakaci da su. A 1973, Diana Van Lancker da Victoria Fromkin sun gwada masu harshen ƙasar Tailan, wanda shi ma karin sauti ke sauya ma'anar kalmominsa. Sun tarar cewa kunnen dama, mai aika yawancin saƙonsa ɓarin hagu, ya fi gane karin sautin kalmomi, abin da ba a gani ba ga masu Ingilishi. Wato idan hawa da saukar murya na ɗauke da ma'ana, ƙwaƙwalwa takan ɗauke shi a matsayin harshe, ta miƙa shi ga ɓarin da ke kula da harshe.

Wannan ƙwarewa koyonta ake yi tun a goye. Janet Werker da Richard Tees sun nuna a ƙasar Kanada a 1984 cewa jariran gidajen masu Ingilishi 'yan wata 6 zuwa 8 suna rarrabe wasu baƙaƙen harshen Hindi, amma yawancin 'yan wata 10 zuwa 12 sun daina. Kafin yaro ya furta kalmarsa ta farko, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta karkata ga sautukan harshen da ake yi a gidansu.

Yanka Magana da Hasashen Abin da Ke Tafe

A takarda akwai fili tsakanin kalma da kalma, amma a baki babu. Magana tana kwarara ne kamar ruwan famfo, sautuka 10 zuwa 15 a kowane sakan, kuma mai sauraro ne ke yanka ta da kansa. Shi ya sa baƙon harshe yakan ji kamar masu shi ba sa numfasawa. A 1996, Jenny Saffran da Richard Aslin da Elissa Newport sun sa wa jarirai 'yan wata 8 jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, babu tsayawa, na minti biyu kacal. Jariran suka gano gaɓoɓin da ke yawan tafiya tare, suka bambanta su da waɗanda suka haɗu bisa katari. Da irin wannan ƙididdiga ta ɓoye yaro ke gane inda kalma ta fara da inda ta ƙare.

Har ila yau, ƙwaƙwalwa ba ta jira kalma ta ƙare kafin ta fara neman ta. Masanin nan na Ingila, William Marslen-Wilson, ya nuna a 1973 cewa wasu mutane na iya maimaita maganar da suke saurare suna biye da ita da tazarar rubu'in sakan kawai. Daga nan ya gina bayanin cewa farkon kalma yakan tayar da duk kalmomin da suka fara haka, sannan a riƙa zubar da su ɗaya bayan ɗaya. A misali, da jin "as", sai asali da asuba da aski da asiri da asibiti su taso. Da an kai "asi", sai a rage asiri da asibiti. Da "b" ta fito, magana ta ƙare, ko da sauran kalmar bai iso ba.

Idan wani sauti ya ɓace, ƙwaƙwalwa takan cike gurbinsa. Richard Warren ya yanke wani baƙi daga tsakiyar kalma a faifai a 1970, ya sa tari a madadinsa. Kusan duk masu sauraro suka ce sun ji kalmar cikakkiya, kuma suka kasa faɗin daidai inda tarin ya faɗo. Ido ma yana sa baki. A 1976, Harry McGurk da John MacDonald sun haɗa muryar da ke cewa "ba" da hoton leɓɓan da ke cewa "ga", sai yawancin manyan da aka gwada suka ji "da". A nan kam karin maganar nan ta gani ya kori ji ta sami shaida daga ɗakin bincike.

Ma'anar jimla ma hasashenta ake yi. Marta Kutas da Steven Hillyard sun gano a 1980 cewa idan jimla ta ƙare da kalmar da ba ta dace ba, lantarkin ƙwaƙwalwa yakan yi wani tsalle kimanin kashi huɗu cikin goma na sakan bayan bayyanar kalmar. Da karatu suka fara gwajin, daga baya aka sami irin haka a sauraro. Kwatankwacinsa a Hausa shi ne a ce "ya sha koko da ƙosai", sannan a ce "ya sha koko da takalmi". Ƙwaƙwalwa ta riga ta tanadi ƙosai, sai takalmi ya yi mata ba-zata.

Amfanin Wannan Ilimi

Darasi na farko ya shafi masu jinya. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka kamu da shanyewar ɓarin jiki sukan sami matsalar harshe. Dattijon da ya wayi gari yana sambatu, ko ya kasa gane abin da iyalinsa ke faɗa, ana iya ɗauka ya taɓu ne ko ya yi gamo, a tsaya ana 'yan dabaru a gida. Alhali mai yiwuwa jini ne ya daina isa sashen da Wernicke ya bayyana. Maganin narkar da gudan jini yana amfani ne cikin awa huɗu da rabi na farko, saboda haka garzayawa asibiti ita ce wajibi, musamman in mutumin yana da hawan jini.

Na biyu ya shafi yara. Tunda ƙwaƙwalwa da sauraro take koyon harshe, yaron da kunnensa ya sami lahani da wuri yakan makara wajen magana. Ƙyanda da ciwon kunne mai zubar da ruwa da sanƙarau duk suna iya jawo haka. Annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai ta kama mutum fiye da 100,000 a arewacin Nijeriya, kuma kurumta na cikin abubuwan da cutar ke bari ga waɗanda suka tashi. Ƙwayoyin gashin nan na cikin katantanwa in sun mutu ba sa sake tsirowa, ko cuta ce ta kashe su ko yawan ƙara. Amma kurman yaro ba a rasa masa harshe ba, domin binciken Ursula Bellugi da abokan aikinta ya nuna cewa harshen hannu na kurame ma ɓarin hagu ne ke sarrafa shi. Yaron da aka koya wa maganar hannu da wuri ya sami cikakken harshe da zai yi tunani da karatu da shi.

Na uku ya shafi aji. Cike gurbi da hasashe suna yiwuwa ne idan mai sauraro ya mallaki kalmomin harshen. Ɗalibin da ake koyar da shi cikin harshe na biyu ba shi da wadataccen rumbun da zai ciro abin da surutu ya haɗiye, don haka hayaniyar da ba ta dami malami ba tana iya raba shi da rabin darasi. Malamin da ya fuskanci ɗalibai suna ganin bakinsa, ya rubuta sababbin kalmomi a allo kafin ya fara bayani, ya kuma rage saurin maganarsa, ya sauƙaƙa wa ƙwaƙwalwarsu aiki. Idan kuma ya lura da yaron da kullum sai an maimaita masa, ko mai karkato kunne ɗaya idan ana magana, ya kamata ya matso da shi layin gaba, ya shawarci iyayensa su kai shi a auna jinsa kafin a yanke masa hukuncin daƙiƙanci ko taurin kai.