Wane Zane Ne Ya Dace Da Alƙaluman Kasuwanci?

Matsakaicin lissafi kan ɓoye gaskiya. A ɗauka wani kamfani yana da ma'aikata 9 masu karɓar N70,000 kowannensu, wato mafi ƙarancin albashin da Nijeriya ta tsayar a 2024, sannan manaja yana karɓar N1,000,000. Idan aka haɗa aka raba goma, za a samu N163,000, alhali kuwa babu mai karɓar haka a cikinsu. Abin da mai jari ke bukatar gani shi ne yadda alƙaluman suka bazu, kuma ba kowane zane ne ke nuna wannan ba.

Zanen faifai, wanda William Playfair ya fito da shi a 1801, amfaninsa nuna rabon kowane sashe daga dunƙulallen abu, kamar kasafin kuɗi. Zanen layi kuwa na bin sauyin farashi ne wata bayan wata. Dukansu biyu ba su dace da wannan aiki ba, duk da farin jinin da faifai ke da shi a rahotannin shekara.

Wanda ya dace shi ne histogiram, sunan da Karl Pearson ya raɗa masa. Ana kasa alƙaluman rukuni-rukuni, misali bashin N1 zuwa N50,000, sai na sama da haka zuwa N100,000, tsawon kowace sanda kuma ya nuna yawan waɗanda suka faɗa ciki. Nan take ɗan kasuwa zai gane ko basussukansa sun taru a hannun mutane ƙalilan. Sai dai akwai tarko: idan rukunan suka yi faɗi, bambanci ya ɓace, idan suka yi ƙanƙanta, zanen ya koma kamar haƙoran zarto. Don haka yana da kyau a gwada faɗi biyu ko uku kafin a yanke hukunci.

Idan kuwa kwatanci ake so, kamar farashin buhun masara a Dawanau da Bodija da Mile 12, zanen akwati na John Tukey, wanda ya yaɗu bayan littafinsa na 1977, ya fi. Akwatin yana ɗauke da rabin alƙaluman da ke tsakiya, layin cikinsa yana nuna adadin da ya raba su gida biyu, farashin da ya yi fice kuma yana fitowa a matsayin ɗigo shi kaɗai. Rauninsa ɗaya: in kasuwa tana da farashi iri biyu, na sari da na ɗai-ɗai, akwatin ba zai nuna ba, sai an koma ga histogiram.